Turmi Nawa Muka Sayar? Kundin Koyon Nazarin Alƙaluman Talla

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Tambaya ɗaya ce Baffa ya yi min ranar Alhamis muna rufe shago a Kantin Kwari, ita ta sa na buɗe wannan kundi. Na miƙa masa wayata ina ta murna, tallan atamfar da na saka a Facebook da Instagram ya kai wa mutum dubu talatin da wani abu cikin mako guda. Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa yadda yake yi in bai sa tabarau ba, ya dawo min da ita. "To madalla, ɗana. A cikin dubu talatin ɗin nan, turmi nawa muka sayar?" Na buɗe baki na rufe.

Shekara biyu ke nan shafukan shagon suna hannuna, tun da na gama bautar ƙasa. Duk wata Baffa ya ba ni kuɗin talla, ni kuma in danna shuɗin maɓallin nan na ƙara wa hoto tafiya, in koma gefe ina ƙirga masu so da masu sharhi. Akanta na karanta, amma ban taɓa yi wa kuɗin nan lissafin da zan yi wa kuɗin dako ko na haya ba. Abin kunya ne, gara in rubuta shi a nan tun farko.

Tsarin da na yi: awa ɗaya da rabi kullum bayan sallar Asuba, kafin in fita kasuwa. Zan fara da darasin Google Analytics, manhajar ƙirga masu shiga shafin intanet, na kyauta da ke Skillshop, dandalin koyo na Google, sannan Google Sheets na jera lissafi a layuka da ginshiƙai, sannan SQL da Python, harsunan ba kwamfuta umarni. Burina kafin Babbar Sallah in amsa wa Baffa tambayarsa da lamba, ba da "ai ana gani" ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na gama darasin Google Analytics, na ci jarrabawar a zama na biyu. Kwana uku na farko a banza suka tafi, don bidiyoyin YouTube da na fara kallo duk na tsohon tsari ne, wanda Google ya daina karɓar bayanai a cikinsa tun 1 ga Yuli, 2023. Sabon, wato GA4, komai a wurinsa "aukuwa" ce: buɗe shafi aukuwa, danna hoto aukuwa, biyan kuɗi aukuwa. Akwai asusun gwaji na kantin Google da ke sayar da riguna da huluna masu tambarinsa, kowa yana iya shiga ya ga bayanai na gaske. Na daɗe a ciki ina bin sawun masu saye daga shigowa har biya, kamar mai bin sawun akuya a rairayi.

Sai da na gama sannan abin ya faɗo min. Mu fa ba mu da shafin intanet na kanmu. Cinikinmu daga Instagram yake tashi ya faɗa WhatsApp, a yi ta muryoyi da hotuna, a yi tayi a ce albarka, a sallama, a turo kuɗi, mu kai kaya tasha. Duk wannan tafiya babu inda Google Analytics zai gan ta. Na koyi tuƙin jirgin ruwa a garin da babu kogi.

Amma na tsinci abu ɗaya mai amfani, wato alamomin UTM, 'yan kalmomin da ake liƙawa a wutsiyar adireshin shafi don a san daga ina mutum ya fito. Sunan ma gado ne daga wani kamfani mai suna Urchin da Google ya saya a 2005. Dabarar ita ce a yi wa kowace hanya shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa. Adireshin wa.me na WhatsApp yana karɓar rubutaccen saƙo da zai fito wa mai saye tun kafin ya rubuta komai. Ke nan zan iya sa kowane talla ya zo da gaisuwarsa da lambarsa: wannan "Salamu alaikum, atamfa A1", wancan "A2". In saƙo ya shigo na san wane talla ya kawo shi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mako biyun nan ban buɗe darasi ko ɗaya ba. Littafin Baffa nake kwafewa.

Duk cinikin da aka yi ta waya tun Janairun 2024 yana cikin dogayen littattafai uku masu baƙin bango: rana, suna, lambar waya, gari, kaya, kuɗi, da ko an biya. Hannu uku ne suka rubuta, na Baffa, nawa da na yaron shago. Layi 1,860 na shigar cikin Google Sheets, yatsuna har sun yi tsami. A darussa ana yawan cewa tsaftace bayanai shi ne mafi yawan aikin, na ɗauka faɗa ce kawai ta malamai. Ga abin da na gani da idona.

Suna ba ya rarrabe mutum. "Hajiya Kaduna" kaɗai ta fito fiye da sau arba'in, kuma da na duba lambobin waya sai na ga mata bakwai ne daban-daban. Wata kuma mace ɗaya ce amma ta fito da suna uku, sunanta na yanka, da "Maman" wane, da "matar Alhaji mai taya". Don haka lambar waya ce za ta zama shaidar kowa. To ita ma lambar ba ta zo da sauƙi ba. Wani ya rubuta ta da sifili a gaba, wani da +234, wani ya raba ta da tazara. Ga shi kuma Sheets yana ɗaukar ta a matsayin adadi, sai ya haɗiye sifilin farko ba sallama. Sai da na mayar da ginshiƙin gaba ɗaya rubutu, na cire tazara, na ɗauki lambobi goma na ƙarshe kawai. Kafin gyara ina ganin masu saye 1,240 ne. Bayan gyara suka koma 968. Mutum 272 ashe inuwa ce.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kwanan wata. Takardar tana kan tsarin Amurka, inda wata ke riga rana, ni kuma ina rubuta rana kafin wata. Duk inda na rubuta 3/2 ina nufin 3 ga Fabrairu, ita ta karanta 2 ga Maris. Inda ranar ta wuce 12 kuwa sai ta bar shi a matsayin rubutu, tunda babu wata na 13. Na yi kwana huɗu ban lura ba, sai da na zana jadawalin wata-wata na ga akwai ciniki a Disambar 2025, watan da bai zo ba tukuna. Na sauya yankin takardar zuwa Birtaniya, na sake bin layukan da suka juye ɗaya bayan ɗaya da littafi a cinyata.

Baffa ya leƙo ya ga abin da nake yi ya ce, "Ashe karatun naka na kwamfuta kwafar littafina ne." Ban musa ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi, tunda a Janairu an amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100. Na daina kallon bidiyo kai tsaye, sai in sauke da daddare in rage ingancin hoton. SQL nake yi yanzu a BigQuery, rumbun bayanai na Google, a ɓangaren kyauta da ba ya neman katin banki. Umarnin SELECT, WHERE da GROUP BY, na zaɓo bayanai da tace su da tara su rukuni-rukuni, sun zauna. JOIN, mai haɗa jerin bayanai biyu wuri ɗaya, har yanzu sai na zana shi a takarda.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Yau na fahimci dalilin da ya sa malamai ke gargaɗi a kan matsakaici. Na tara kuɗin dukan ciniki na raba da yawansu, ya ba ni kusan naira 61,000 a kowane ciniki. Na faɗa wa Baffa, ya yi dariya ya ce wace Hajiya ce take sayen na dubu sittin kullum. Gaskiyarsa. Da na jera cinikin daga ƙarami zuwa babba na ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya cif, naira 34,000 ne. Abin da ya ja matsakaicin sama 'yan sari ne ƙalilan, musamman wani mutumin Maraɗi da wani na Garwa, waɗanda in suka kira ba turmi suke nema ba, dila suke ɗauka. Su kuwa babu ruwansu da Instagram, tun zamanin mahaifin Baffa iyayensu ke zuwa Kwari. Na ware su gefe guda. In na bar su a ciki, duk watan da ɗayansu ya kira zan ce talla ya yi aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas. Karatun Asuba ya koma bayan Tarawihi, kuma ba kullum ba.

Sakamakon lambobin A1 da A2 ya fito, na mako biyu daga 17 ga Fabrairu zuwa 2 ga Maris. Na kashe naira 70,000. Allon Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ya ce tallan ya jawo hira 412, wato kowace hira ta ci kusan naira 170. Da a da ne da na ɗauki hoton allon na tura wa Baffa. Amma da na bi WhatsApp ɗin shago saƙo bayan saƙo, 268 ne kawai suka iso da lambar a jiki. Sauran ko sun goge rubutun sun rubuta nasu, ko sun kira kai tsaye, ko hannu ne ya taɓa ba da niyya ba. A cikin 268 ɗin, 31 ne suka turo kuɗi. Ke nan kowane ciniki ya ci wajen naira 2,260 na talla. Tunda ribar ciniki ɗaya na ɗai-ɗai tana kai naira 5,500, sai na ce to alhamdu lillahi, muna kan riba.

Sai na yi JOIN ɗin nan da nake tsoro, na haɗa lambobin mutum 31 da tsohon littafi. Sha tara a cikinsu sun taɓa saye a wurinmu. Suna da lambarmu, suna kallon abin da muke sawa a WhatsApp kullum, ga Sallah tana tafe. Tallan ne ya kawo su, ko dai ya tare su a bakin ƙofa suna shigowa ya ce shi ya rako su? In sababbi 12 kaɗai zan ƙirga, kowannensu ya ci fiye da naira 5,800. Ribar ta tafi, har da ɗan guntun uwa.

Ba wai Meta yana ƙarya ba ne, abin da yake iya gani yake ƙirgawa. A ƙa'idarsa ta yau da kullum, in mutum ya danna talla ya yi abin da ake so cikin kwana 7, ko ya gani kawai ya yi cikin kwana 1, talla ne zai ɗauki ladan. Kuma tun da Apple ya fito da iOS 14.5, tsarin da ke tafiyar da wayar iPhone, a Afrilun 2021, ya sa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai waya, ganin nasu ya ƙara raguwa. Mu kam matsalarmu ta ma fi wannan. Mace ta ga atamfa a Instagram, ta ɗauki hoton allo ta tura wa mijinta, shi ya kira mu da lambarsa, ƙaninsa ya turo kuɗi daga nasa asusun, a aika kayan da sunan direba. Mutum huɗu a ciniki ɗaya. Babu na'urar da za ta ɗinke wannan, sai dai a tambaya. Na ƙara ginshiƙi a littafi mai taken "A ina kuka gan mu?", na roƙi yaron shago ya riƙa tambaya. Ya ce wasu Hajiyoyin in an tambaye su sai su ce "Allah ne ya haɗa." Na ce ya rubuta haka nan.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki. A1 babu farashi a jiki, A2 na rubuta farashin ɓaro-ɓaro. A1 ya fi kawo saƙo nesa ba kusa ba, amma mafi yawansu "nawa ne?" ne, a faɗa musu su yi shiru. A ciniki kuwa A1 ya kawo 13, A2 ya kawo 18. Allon Meta yana nuna min A2 ne mai tsada, in kashe shi. Ba zan ce 18 ya doke 13 ba, adadin ya yi ƙanƙanta, amma na tabbata yaron shago ya fi hutawa da A2.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadin da ta wuce, 30 ga Maris. Makonni uku na ƙarshen azumi ban taɓa kwamfuta ba sai don shigar da ciniki, shago ya cika har ba wurin sa ƙafa.

Da na zauna na kwatanta Maris ɗin bana da na bara, kuɗin ciniki ya kusa ninkawa. Na ji daɗi na minti biyar. Sannan na tuna bara Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu aka yi, ke nan kasuwar kwana goman ƙarshe a Afrilu ta faɗa, bana kuwa dukkanta tana cikin Maris. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka kakarmu tana ja baya kowace shekara. Darussan da nake bi duk an gina su ne a kan kasuwar da kakarta ke tsaye wuri ɗaya, ƙarshen Nuwamba da Kirsimeti, inda kwatanta wata da takwaransa na bara yake da ma'ana. A Kwari ba haka ba ne. Na ƙara sabon ginshiƙi, "saura kwana nawa Sallah", na jera shekarun biyu a kansa. Nan take layukan biyu suka hau kan juna kamar an zana su tare: ciniki yana fara motsi tun kafin a ga watan azumi, ya yi tsiri wajen mako uku kafin Sallah, lokacin da teloli ke karɓar ɗinki, sannan ya sauka a makon ƙarshe, sai masu neman mayafi da ɗinkakku.

Gyara na biyu shi ne naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haye 1,500. Kayan Kwari da yawa daga waje suke zuwa, farashi bai tsaya ba. In kuɗin ciniki ya ƙaru ba lallai mun ƙara sayarwa ba. Na koma ƙirga turmi da yadi. Da aka yi gyaran nan biyu, ninkin nan ya koma ɗan ƙari kaɗan.

A wannan makon na karanta labarin gwajin eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kuma shi ya tsaya min a rai. Wasu masana tattalin arziki uku, Blake da Nosko da Tadelis, sun sa kamfanin ya dakatar da wani ɓangare na tallan da yake biya a injunan bincike, suka duba me zai faru. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna tallan da ke fitowa in mutum ya rubuta sunan eBay da kansa kusan bai ƙara komai ba, mutanen sun shigo ta adireshin kyauta da ke ƙasansa. Tallan ya fi tasiri a kan sababbi da waɗanda ba su cika saye ba, alhali mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a kan tsofaffin da dama za su zo. Hajiyoyina 19 ke nan, a babban kamfanin Amurka.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na shawo kan Baffa mu yi namu gwajin. Garuruwa shida ne muka fi aika kaya bayan Kano. Na raba su gida biyu masu kusan ciniki ɗaya: Abuja, Jos da Bauchi a gefe guda, Kaduna, Sakkwato da Gusau a ɗaya gefen. Na jefa kwabo, ya faɗa a kan gidan Kaduna. Daga gobe har mako huɗu ba za su ga tallanmu na kuɗi ba, gidan Abuja kuwa za a ci gaba kamar kullum.

Baffa bai so ba da farko. "Yau kai ne kake cewa a daina talla? Kai da kake damuna da shi?" Na ce, "Baffa, in kana son sanin ko gishiri ne ya yi wa miya daɗi, sai ka dafa tukunya ɗaya babu shi." Ya ce in tukunyar ta lalace a albashina.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yayin da gwaji ke tafiya na shiga Python. Kwamfutata tsohuwa ce, don haka Google Colab nake amfani da shi, komai a burauza yake gudana. Na yi atisaye da wasu bayanai na kyauta da ke rumbun jami'ar Kalifoniya ta Irvine, na wani kantin intanet a Birtaniya mai sayar da kayan kyauta, layi 541,909 daga Disambar 2010 zuwa Disambar 2011. Na ji sanyi da na ga su ma nasu a hargitse yake: kusan kashi ɗaya cikin huɗu babu lambar mai saye, ga rasit da aka soke masu farawa da harafin C da adadi a ƙasa da sifili. Aikin da ya ci min mako biyu a Sheets, pandas, kayan aikin Python na sarrafa bayanai, yana yin irinsa da layi biyar. Sai dai da ban sha wahalar farko ba da ban san me zan ce masa ya yi ba.

A kan bayanan na koyi RFM, wato auna kowane mai saye da abu uku: yaushe rabonsa da saye, sau nawa ya saya, nawa ya kashe. Da na juya shi kan namu sai ga jerin mata wajen tamanin da suka saya sau uku ko fiye a bara amma rabonsu da mu ya wuce wata biyar. Na karanta wa Baffa wasu, ya riƙa ba ni labarinsu da ka: wannan ta koma Legas, wannan an yi mata rasuwa, wannan kayanta ne suka ɓace a mota ba mu biya ta da wuri ba. Ya yi shiru a kan ta ƙarshen, ya ce in ba shi lambarta shi zai kira da kansa.

Kafin in ɗora bayananmu a Colab na cire sunaye, na musanya kowace lambar waya da lambar bogi, mabuɗin yana kwamfutata kaɗai. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hau kan ƙaramin shago ma, ba bankuna kawai ba. Akwai kuma dabarar ɗora lambobin masu saye a Meta don ya nemo masu kama da su. Na bar ta tukuna. Matar aure ta ba mu lambarta don a kai mata atamfa, ba ta ba mu don mu miƙa wa wani ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Gwajin ya ɗan yoyo. Wata ta rubuto daga Kaduna da lambar talla a saƙonta. Ashe ta je biki Abuja ne ta gan shi a can, don Meta yana haɗa mazauna gari da waɗanda suka ziyarce shi kwanan nan. Na yi mata alama. Ba yadda zan yi da masu tafiya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Gwaji ya ƙare ranar 11 ga wata, na bar mako guda don masu jinkirin biya. Ma'aunina mako huɗu ne na kafin azumi, 13 ga Janairu zuwa 9 ga Fabrairu, lokacin da duka gidajen biyu ke ganin talla.

Gidan Abuja ya yi ciniki 38 a wancan lokaci, 41 a lokacin gwaji. Gidan Kaduna ya yi 34, ya sauko 28. Da talla bai tsaya ba, ana sa ran su ma su ɗan hau kamar 'yan'uwansu. Wancan ya hau da 3, wannan ya sauka da 6, tazarar 9 ke nan. Wannan shi ne bambancin bambanci, kuma amfaninsa shi ne duk abin da ya shafi gidajen biyu tare, kamar matsowar Babbar Sallah ko tashin farashi, yana fita daga lissafi.

Kuɗin da ban kashe ba naira 2,000 ne a kullum har kwana 28, wato 56,000, da harajin kashi 7.5 da Meta ke ɗorawa a Najeriya tun 2022, ya zama 60,200. Ribar ciniki 9 a kan 5,500 kuwa 49,500 ce. A kallon farko, dakatar da tallan ya bar mana naira 10,700 a aljihu.

Na so in ruga in faɗa wa Baffa, amma darasin da na yi a makon jiya ya riƙe min riga. Ƙididdiga irin wannan tana rawa da kanta ko ba a taɓa komai ba, kuma ƙiyasin rawar shi ne tushen murabba'in adadin, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Na tara 38 da 41 da 34 da 28, ya ba ni 141, tushensa kusan 12. Ke nan tazarar 9 ɗin tana tafe da rawar 12 sama ko ƙasa. Tana iya zama 20, tana iya zama sifili. Mako huɗu da garuruwa shida ba su isa a yanke hukunci ba. Na yi awa guda ina kallon lambar ina neman hanyar da zan murɗa ta ta faɗi abin da nake so, na gwada cire Gusau, na gwada cire matar bikin Abuja. Da na kama kaina ina haka sai na rufe kwamfutar.

Abu ɗaya dai ya fito fili ko ba a yi lissafi ba. Tsofaffin masu saye na gidan Kaduna ba su ragu ba. Raguwar duk a sababbin fuska take.

Lahadi, 15 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a 6 ga wata, wa'adin da na ɗibar wa kaina ya cika. Jiya bayan La'asar na zauna da Baffa da takarda ɗaya, ban buɗe masa allon jadawalai na manhajar Looker Studio da na ɓata kwana uku ina yi wa ado ba.

Kafin zaman na yi lissafi na ƙarshe. Na ɗauki duk wanda ya fara saye a farkon rabin 2024, na duba nawa suka dawo cikin wata shida. Kusan ɗaya cikin uku. In haka ne, sababbi 9 za su kawo ƙarin ciniki 3 nan gaba, ribar ta tashi daga 49,500 zuwa 66,000, a gaban 60,200 na talla. Kunnen doki, in aka tuna da rawar nan ta 12.

Na ce masa, "Baffa, amsar tambayarka ita ce: a kowace naira dubu sittin ta talla muna samun sababbin masu saye wajen tara, ko da yake lambar ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna. Tsofaffi kuwa ko ba talla suna zuwa." Ya ce, "Wata biyar ka yi kafin ka gano tsohon abokin ciniki ba ya buƙatar a yi masa shela?" Na ce na gano nawa muke biya don yi masa shelar. Ya gyara hula, ya ce in sake faɗa masa lambar.

Mun tsaya a kan abu uku. Farashi zai riƙa fitowa a jikin kowane talla. Matan nan tamanin yaron shago zai bi su da gaisuwa da hoton sabon kaya ta WhatsApp, ba da kuɗin talla ba, wadda ta ce a daina a daina. Sannan za a maimaita gwajin daga Litinin 30 ga Yuni, wannan karon mako takwas, a juya gidajen: Abuja, Jos da Bauchi su huta, gidan Kaduna ya ga talla. Damina lokacin sanyin kasuwa ne, in an yi asara ba za ta yi yawa ba, kuma da wannan hujjar ce Baffa ya yarda.

Matar da kayanta suka ɓace a mota ta sayi turmi biyu na Sallah. A ginshiƙin "A ina kuka gan mu?" yaron shago ya rubuta "Baffa ya kira ta", kuma lambar Python ɗina ba ta san wannan rukuni ba, ta jefa shi cikin "sauransu". Gobe da Asuba zan gyara, sannan in fara babin da ke koyar da yadda ake ƙiyasta yawan makonnin da gwaji ke buƙata tun kafin a fara shi.